Busasshen Gammon Tanimun

Azumin shekarar 1989 ya faɗo a tsakiyar bazara. Ranar sha bakwai ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana, Sufeto Rabilu Mamane yana zaune a buronsa, wato ofishinsa, a komisariyar 'yan sandan Birnin Konni, ya jiƙa tawul ya ɗora a wuya, sai waya ta yi ƙara.

Majo Alkasum ne, babban ma'aikacin jinya a gidan likitan garin.

"Sufeto, an kawo mini wani ɗan dako daga tashar albasa, ya cika a nan. Sun ce rana ce ta kashe shi. Suna so in sa hannu su tafi su rufe shi kafin magariba."

"To, ba ranar ba ce?"

"Ita ce. Amma ina jin an taimaka mata. Zo ka gani."

Da ya isa ya tarar da 'yan dako sun kai ashirin a gindin bishiyar bedi, kowa ya yi jugum, leɓuna sun bushe. Wani dattijo mai faɗin ƙirji, sanye da baƙin tabarau, ya miƙe ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, ni ne Halilu Labo, sarkin dakon tasha. Mamacin yarona ne, Tanimun, mutumin Badagishiri. Shekara tara shina aiki ƙarƙashina."

"Yaya aka yi?"

"Azumi da rana. Wajen sha biyu ya fara tangaɗi, ya faɗi. Muka ja shi inuwa nan take, muka yi ta fifita. Allah bai nufa ba."

"Azumi yake yi?"

"Kamar kowa, ranka ya daɗe."

Sufeto ya gyaɗa kai ya shige ciki.

Gawar tana kan gadon ƙarfe. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai wuce talatin da biyar ba. Majo ya kama hannun Sufeto ya ɗora a ƙirjin mamacin. Sai da Sufeto ya janye hannu. Fatar ta bushe ƙamas, kuma har yanzu da zafi kamar kaskon da aka sauke daga wuta.

"Minti arba'in da cikawarsa na auna shi," in ji Majo. "Digiri arba'in da biyu. Ka san randar ƙasa? Abin da ya sa ruwanta yake sanyi, tana tsattsafo, iska tana busar da shi. Haka jikin mutum yake. In zafi ya yi yawa, zuciya ta ƙara gudu, ta turo jini kusa da fata, gumi ya fito, iska ta ɗauke shi tare da zafin. Waɗannan 'yan dakon jikinsu ya saba, kafin ni da kai mu fara gumi su sun jiƙe. In gumi ya tsaya kuwa, zafin ba shi da hanyar fita. Sai ya dafa ƙwaƙwalwa, ƙoda ta tsaya, zuciya ta gaji."

"Mai azumi ruwan jikinsa yana iya ƙarewa ai."

"Yana iya. Shi ya sa da farko na kusa sa hannu. Amma taɓa nan."

Ya danna ƙasan cibiyar mamacin. Wurin ya yi tauri, ya ɗago kamar an sa ƙwarya a ciki.

"Mararsa cike take da fitsari. Mutumin da bai sha ruwa ba tun asuba, ya yi awa biyar yana ɗaukar buhu a wannan ranar, a ina ya sami wannan? Ya sha wani abu da yawa, kuma ya kasa fitar da shi. Sannan lokacin da aka shigo da shi da sauran numfashinsa, na haska idonsa. Baƙin ya buɗe ya cinye ido duka, bai motsa ba."

"Me ke yin haka?"

"Abin da na sani a nan ƙasar, zaƙami. Wanda ake kira haukata-yaro. Yana hana gumi, yana riƙe fitsari, yana buɗe ido. A cikin sanyi mutum zai yi haukarsa ta kwana biyu ya warke. A ranar yau kuwa, ka toshe masa gumi, ka kashe shi."

"Awa nawa yake ɗauka kafin ya kama mutum?"

"Bai kai awa ɗaya ba."

Sufeto ya dubi agogonsa. In Tanimun ya fara tangaɗi da sha biyu, ba da sahur ya sha ba. Da hantsi ya sha, ana tsakiyar azumi.

Ya ce a ba dangi gawa bayan Majo ya gama rubuta abin da ya gani, shi kuma ya hau landiroba ya nufi tasha.

Tashar albasa fili ce a gefen gari, kan hanyar Tsernawa. Manyan motocin kaya, kamyo, guda uku suna tsaye, ɗaya an yi masa lodi rabi. Can baya akwai jerin rudu, rumbunan kara da ake ajiye albasa a ciki don ta sha iska. Mutum ɗaya ne kawai ya rage yana gadin kaya, wani siriri mai suna Amadu.

"Kana nan lokacin da ya faɗi?"

"Ina bisa mota ina jera buhu, Mushe. Ban ga komi ba sosai," in ji shi, yana kiransa da laƙabin girmamawa na Faransanci.

"Ina aka kwantar da shi?"

Amadu ya nuna wata rumfa da baki.

Sufeto ya je rumfar ya duba. Ƙasar wurin a share take, babu alamar an ja mutum. Ya dawo tsakiyar fili. A nan, kusa da tayar kamyon da ba a gama ba, ƙasa ta birkice, ga sawun duga-dugai inda mutum ya yi ta shure-shure, ga takalmin roba ƙafa ɗaya. Kewaye da wurin sawun ƙafafu ne da yawa, sun yi zobe, irin na masu kallon dambe. Babu ko kara ɗaya da zai yi inuwa.

A jikin kamyon an rataya gammaye, tsummokaran da 'yan dako suke naɗewa su ɗora a ka. Ya bi su ɗaya ɗaya yana matsawa. Waje ya bushe, amma cikin naɗin kowanne da damshi, har da warin gumi. Na ƙarshe yana ƙasa, kusa da takalmin. Ya warware shi. Ciki da waje a bushe yake, sai farin gishirin tsohon gumi.

"Wannan na wa?"

"Na marigayi."

"Ya daɗe da daina aiki kafin ya faɗi?"

"A'a, da buhu bisa kai ya faɗi." Amadu ya yi saurin rufe baki.

"Ka ce ba ka ga komai ba."

"Haka naj ji an ce, Mushe."

"An ce mini kun yi cacar baki da shi da safe."

Sufeto bai ji haka daga kowa ba, jefawa kawai ya yi. Amma Amadu ya rikice.

"Kan layi ne kawai! Ya riga ni shiga, nac ce mai... Wallahi ba wani abu ba ne. Ni da shi tasa guda muke shan ruwa."

Sufeto ya rubuta sunansa, ya naɗe gammon ya sa a mota. Bai yarda da shi ba, amma ya lura cewa duk tambayar da ya yi, sai Amadu ya waiga hanyar gidan likita kafin ya amsa, kamar mai tsoron wani ya dawo.

Bayan la'asar aka kai Tanimun makwancinsa. Maza suna maƙabarta Sufeto ya je gidan, a wata unguwa bayan kasuwa. Ya tsaya a zaure, matar mamacin, Tsahara, ta zauna a bayan labule, wata tsohuwa a gefenta.

Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Baiwar Allah, mijinki yana azumi yau?"

"Shina yi. Tare muka yi sahur."

Ya roƙi tsohuwar ta ɗan ba su wuri. Da ta matsa, ya rage murya.

"Majo ya duba shi. Ya sha abu da hantsi, kuma abin da ya sha ne ya kashe shi. In ba ki gaya mini ba, wanda ya fi kusa da abincinsa zan fara tuhuma. Kin san ko wane ne."

Ya ji tana jan hanci.

"Bara da bazara ya yi ciwon ƙoda, har fitsarin jini. Likita ya ce in ya sake yin wanga aiki cikin rana babu ruwa, ƙodar za ta mutu. Ya tambayi malami, malamin ya ce mai ya sha, ya rama da sanyi. Amma ya ce shi ba ya iya ɗaga gora gaban abokan aikinai suna azumi. Kunya yake ji. Ya sa na rantse ba ni faɗa ma kowa."

"Me kike ba shi?"

"Fura da nono, in dama ta da ruwa-ruwa, in sa citta da barkono. In naɗe goran da jiƙaƙƙen tsumma, in sa cikin tsohon buhu. Shina ɓoye shi cikin rudu na ƙarshe, wanda rufinai ya karye. In hantsi ya yi sai ya ce za shi kewayawa."

"Me kika ƙara a ciki yau?"

"Ni?" Muryarta ta tashi. "Ɗiya uku gare mu, Mushe. Da cikin na huɗu. Mi zan ƙara?"

"Wa ya sani bayan ke?"

"Babu. Shi dai ya ce babu."

Ya bar ta, amma bai cire ta daga ransa ba. Ita ta dama, ita ta rufe goran.

Rudun ƙarshe babu albasa a ciki, sai ɓawo da kashin ɓera. A bayan wani tarin kara ya sami buhun, da goran a ciki. An shanye kusan duka. Ya zazzage sauran a kan takarda. Cikin guggubin gero akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu faɗi, launin ƙasa, an farfasa su amma ba su niƙu ba.

Ya zagaya bayan rudun. A gindin dangar kara ya ga dutse mai faɗi da wani ƙarami a kansa, dukansu da maiƙo-maiƙo. Kusa da su an tura ɓawon wani ɗan itace mai ƙaya a ƙarƙashin ƙasa da ƙafa, ba a rufe shi da kyau ba.

A nan aka daka, ba a gida ba. Mace mai ciki ba za ta ratsa filin maza hamsin da rana tsaka ba a gan ta ba.

Ya kwashe komai ya kai wa Majo. Majo ya duba ƙwayoyin ya ce su ne.

"Da hannu ka ɗauko?"

"Da hannu."

"Je ka wanke da sabulu yanzu, kada ka kuskura ka taɓa ido. Akwai wata mata da ta cire shi a bayan gidanta ta murza ido, kwana biyar idon yana buɗe, ba ta iya kallon rana."

Sufeto yana wanke hannu ya tsaya cak, ruwa yana zuba. Ya tambayi Majo ko ya san Halilu Labo.

"Wa bai san shi ba? Kowace shekara ina yi masa allurar ciwon baya."

"Ka taɓa ganinsa da tabarau?"

Majo ya yi tunani. "Sai yau."

Saura kaɗan a sha ruwa ya sa aka kawo masa Amadu buro, ta ƙofar baya. Da ladan ya kira salla ya miƙa masa dabino da kofin ruwa, ya bari ya sha, shi ma ya sha. Sannan ya ajiye gammon a kan tebur.

"Nan babu wanda zai ji ka. Minti nawa Tanimun ya yi a rana bayan ya faɗi?"

Amadu ya sunkuyar da kai. "Ya fi awa guda."

"Faɗa mini daga farko."

"Ya dawo daga kewayawa, ya ɗauki buhu shida ko bakwai. Sai nig ga fuskatai ta yi ja, babu gumi ko ɗigo, mu kuwa muna tsiyaya. Ya fara magana da uwatai, wadda ta rasu tun da daɗewa. Shina kama abu cikin iska, shina tuɓe riga. Da ya faɗi na sauko da gudu na ɗauko bokitin da muke jiƙa igiya in kwara mai. Sarki ya riƙe mani hannu."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in karya mai azumi. Nac ce jiki zan jiƙa, ba baki ba. Ya ce a bar shi nan, kowa ya ga abin da ya sha. Ya aika a kira alhazan da ke da kaya su zo su gani da idonsu. Muka tsaya muna kallo, Mushe. Wasu har dariya suka yi. Sai da ya daina motsi aka sa shi a amalanke."

"Me ya sa alhazan za su gani?"

"Sun ce Sarki ya tsufa, ba ya iya tsayuwa kan lodi. Bayan salla za su ba Tanimun sarautar. Kowa ya ji."

"Me ya hana ka faɗa ɗazu?"

"Shi ke raba aiki. Wanda ya ƙi, ba ya ɗaukar buhu a Konni."

Washegari da hantsi ana zaman makoki a ƙofar gidan mamaci. Halilu yana sahun gaba a kan tabarma, yana karɓar gaisuwa kamar uba, tabarau a fuska. Sufeto ya zo da Majo da 'yan sanda biyu. Ya yi addu'a tare da jama'a, sannan ya ce, "Sarki, ɗan taso mu yi magana."

Ya ja shi tsakiyar hanya, inda rana take dukan ƙasa.

"Jiya ka ce kun ja shi inuwa nan take."

"Cikin ruɗewa mutum ba ya riƙe lokaci, ranka ya daɗe."

"Ka hana a zuba masa ruwa."

"Don azuminai nay yi. Laifi ne?"

"Ka ce kowa ya ga abin da ya sha. Mai azumi me zai sha?"

"Yadda yake yi ne ya sa na zaci ko ƙwaya ce."

"Ka je bayan rudun ƙarshe jiya?"

"Rabona da can tun aka kwashe kaya."

"Me ya sami idonka?"

"Ƙurar albasa."

"Cire mu gani. Ga Majo, sai ya ba ka magani."

Halilu bai motsa ba. Mutanen da ke kan tabarma sun daina magana. Sufeto ya sa hannu a hankali ya zare tabaran.

Rana ta faɗa a fuskar dattijon. Baƙin idon hagu ya tsuke nan da nan ya koma kamar ƙwayar gero. Na dama bai tsuke ba. Ya tsaya a buɗe, baƙi ƙirin, hawaye yana zuba daga cikinsa. Halilu ya kai tafin hannu ya rufe shi. A kan yatsunsa akwai ƙananan huji na ƙaya, sun fara ja.

"Albasa ba ta yin wannan," in ji Majo. "Ka daka, gumi ya shiga maka ido, ka share da hannu."

Halilu ya durƙusa a kan ƙasa mai zafi.

"Ban yi don ya mutu ba," ya ce. "Wallahi ban yi don ya mutu ba. Shekara talatin da ɗaya ina tashar ga. Ni na koya mai yadda ake ɗaga buhu ba a karya wuya ba. Kwana biyar da suka wuce na bi shi, nig gane shi shina sha. Nac ce in na faɗa da baki za a ce hassada ce. Sai in bari ya yi hauka gaban alhazai cikin azumi, su ce mashayi ne, su bar mani wurina. Muna yara mun ba wani zaƙami, ya yi kwana biyu shina rawa tsirara, ya warke. Ban san rana za ta..."

"Awa guda yana shure-shure a gabanka," in ji Sufeto. "Ga bokiti a hannun Amadu. Majo, da an kwara masa?"

"Da an ja shi inuwa, an jiƙa shi, an yi ta fifita, ina jin da yanzu yana kwance a wurina yana jin kunya."

"Alhazan ba su iso ba," Halilu ya ce da ƙaramar murya. "Jira nike su iso."

Ɗan sanda ya sa masa ankwa. Suna ɗaga shi sai aka ji muryar mace daga cikin zaure. Tsahara ce, ba ta fito ba, labulen kawai ta riƙe.

"Baba Halilu."

Ya juyo, ido ɗaya a runtse.

"Ran Juma'a maigidana ya tahi gidan alhazan. Ya ce masu ba ya karɓa muddin kana da rai. Ya ce su bar ka da sunan, shi zai riƙa tsaya maka kan lodi. Ya so ya gaya maka da kainai ranar salla, in ya kawo maka yara gaisuwa."

Halilu ya juya wajen jama'a. Ya dubi 'yan dakon da ke kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman wanda zai ce ƙarya ce. Babu wanda ya ɗago kai.

'Yan sandan biyu suka tallafi Halilu ta hammata suka kai shi mota. Sufeto ya rufe ƙofar baya da kansa, ya zagaya ya zauna kusa da direba, ya ce, "Komisariya."